Layin Fensir a Kan Ɗan Lido

Shafi na 17

Na ga saƙonninku. Masu cewa in sa Injiniya ta rungumi injinta ta bar wa tsoho shagonsa, ku yi mini afuwa, ba irinta ba ce. Wadda ta shekara tana aiki a kan tsohon ƙyaure ba yau za ta gaji ba. Ku gyara zama.

*

Ranar da za a rufe shagon, Injiniya ta zo da kwali biyu da igiya, da kuma alkawarin da ta yi wa kanta a hanya: ba za ta yi kuka a gaban kowa ba.

Kamar kullum, Baba ya riga ta zuwa. Yana zaune a kujerarsa ta bakin ƙofa, ya ba cikin shagon baya, rediyo a cinya, hannayensa biyu a aljihun riga.

"Ina kwana, Baba."

"Lafiya." Bai ɗago ba. "Ƙarfe goma yayanki zai zo da mota, shi da mai sayar da tayoyin mota da zai karɓi wurin. Ki kwashe tarkacenki kafin masu ɗauka su haɗa da dutsen gugar naki."

Dutsen guga. Sunan da ya sa wa injin ke nan tun ranar da ta shigo da shi daga kwaleji, kyautar da ta ci a gasa. Inji ne na sassaƙa, mai mariƙi biyu, da ɗan gilashi a samansa inda zane ke fitowa. Yana da kyamara da ke karanta tef mai ɗigo-ɗigo da ake mannawa a teburi, ta haka yake sanin inda yake. Kai dai ka tura shi kusa da layi, haƙorin da ke cikinsa zai gyara sauran da kansa. In ka kauce da yawa, ya ɗage haƙori ya jira ka dawo hanya.

Baba ya dube shi sau ɗaya a ranar, ya ce, "Wannan na marasa hannu ne. Kada ya taɓa bencina."

Bai taɓa ba kuwa. Shekara guda cur tana aiki a lungun baya, a kan wani tsohon ƙyaure da ta ɗora bisa durom biyu. Masu kawo aiki su shigo su same ta da garin katako har gira, su ce, "Ina mai shagon?" Ta haɗiye, ta ce ga shi can. Shi kuma ya ce ba ya karɓar aiki yanzu. A shekarar nan ya daina karɓar shayi daga hannunta. Ya daina cin abinci a tsakar gida, sai a ɗaki, ƙofa a rufe. Ya daina kiranta Uwata, sunan da ta tashi da shi a bakinsa. Ta koma "ke", in kuma yana son ya ƙona mata rai, "Injiniya", da irin muryar da 'yan layi ke faɗa. Sai ta ɗauki sunan ta rubuta a gaban rigar aikinta da jan zare, kowa ya gani.

Ta wuce ta gefen madubin kabad ɗin nan da ke jingine da bango. Sau uku tana roƙon a kawar da shi yana tare hanya, sau uku Baba na cewa wanda ya taɓa shi zai ga ɓacin ransa.

Da 'ya'yan lidon za ta fara. Su ne aikinta na ƙarshe a shagon, su ne kuma suka fi ci mata rai. Malamar makarantar makafi ce ta ba ta aikin: guda goma sha biyu, manya kamar ƙwan kaza, da ramuka masu zurfi yadda yatsa zai karanta, don a koya wa yara ƙirga cikin wasa. Ta yi su, sun fito tas kamar na kanti. Mako biyu Malama ta dawo da su tana dariya.

"'Yar nan, 'ya'yan lidonki suna da son kai. Siki suke ta ba da wa. Yaran sun gano tun kwana uku, yanzu ba wanda ke ƙirgawa. Suna jefawa sai su ce shida."

Injiniya ba ta yi dariya ba. Ta jefa ɗaya sau ɗari uku tana yin alama a takarda. Shida ta fito sau saba'in da huɗu. Ta auna kowace kusurwa, daidai. Ta sake zanen, ta sauya katako, ta goge gefuna. Haka nan. Injin bai yi kuskure ko na ƙwayar gashi ba, amma abin ya ƙi yin adalci.

Ta buɗe akwatin tana sa su a kwali ɗaya bayan ɗaya.

Goma. Sha ɗaya. Sha biyu.

Akwai saura ɗaya a ƙasa.

Ta ɗauko shi. Jan katako ne irin na guntayen da ke ƙarƙashin bencin Baba, ba farin da take amfani da shi ba. Ramukan injinta ne ya yi su, ko a mafarki ta san sawun haƙorinsa. Amma ba zanenta ba ne. Fuskar ɗaya rami ne guda babba, mai faɗi da zurfi, babban yatsa zai zauna a ciki. Fuskar shida ƙanana ne, ba su nutsa sosai ba. Sauran kowace da nata gwargwadon.

Ta juya zuwa fuskar biyar.

Ba a goge wannan fuskar ba. Layin fensir biyu ne a kanta, daga kusurwa zuwa kusurwa, sun gitta a tsakiya. Haka kafintocin da ke neman tsakiyar katako. Injin ba ya bukatar wannan, shi ya san tsakiya ba a gaya masa ba. Mutum ɗaya ta sani a duniya wanda ba zai iya huda katako ba tare da ya ja waɗannan layukan ba, ko da kuwa an ɗora masa wuƙa a wuya.

Sai dai layukan ba su miƙe ba. Sun tafi a karkace, suna tsalle kamar sawun tsutsa a yashi. A wuri biyu fensirin ya zame ya sake komawa.

Baban da ke jan layi tsawon ƙofa ba rula.

Ta kai hannu ta taɓa gefen injin. Da ɗumi. Wayarsa kuma an naɗe ta a gwiwar hannu, zagaye manya, ba irin naɗinta ba.

Ta durƙusa a kan siminti ta jefa ɗan lidon. Uku. Ta sake. Ɗaya. Biyar. Biyu. Biyu. Shida. Huɗu. Ta yi ta jefawa har ta daina ƙirgawa. Kowace fuska na zuwa da rabonta.

Ta miƙe, ta karkaɗe gwiwa, ta fito bakin ƙofa. Ta tsaya a gabansa, inda ba ta taɓa tsayawa ba.

"Baba, an taɓa mini inji."

"Wa zai taɓa miki dutsen guga? Tela ne ni?"

"Da ɗuminsa."

"Rana ce."

"Rana ba ta shiga lungun nan sai bayan azahar. Shekara na yi a ciki, na sani."

Mai labarai a rediyo na ta zuba.

Ta buɗe tafin hannunta. "Wannan fa?"

Ya saci kallo, ya kawar da kai. "Ɗan lido ne. Ko a kwalejin ba a koya muku ba?"

"Goma sha biyu na yi."

"To ya haihu."

Da wata rana ce da ta yi dariya. Ta tsuguna har fuskarta ta zo daidai da tasa.

"Baba, karɓi ka duba mini shi."

"Ajiye a nan."

"Ka karɓa."

"Na ce ki ajiye."

"Shekara guda kana cewa in ajiye. Shayi, ajiye. Ruwa, ajiye. Takardar shaidata ma da na kawo maka, ajiye ka ce. Yau dai ba zan ajiye ba. Da hannunka za ka karɓa."

"Ke, ni kike wa tsawa?"

"Ban ɗaga murya ba, Baba. Kai ka koya mini, in katako ya ƙi, ba duka ake yi ba, bin jijiyarsa ake."

Gemunsa ya motsa. Gemun da ya bari a bana, shi da kullum fuskarsa fes. Wani abu ya faɗo mata a rai: ko reza ce ya kasa riƙewa?

Ta juyo da fuskar biyar ta saitin idonsa.

"Ka manta ba ka goge nan ba."

Ya daɗe yana kallon layukan. Babur ya wuce, mai ruwa ya wuce yana buga jarka. Can ya ce, a hankali, kamar da katakon yake magana:

"Takunki na ji a kan layi. Yau kin yi sammako."

Ya zaro hannun dama daga aljihu.

Ta sha ganin hannun nan. Shi ya ɗaure mata takalmi ranar farko ta makaranta. Shi ya riƙe nata a kan zarto tana shekara bakwai, Umma na faɗa daga ƙofa. Ga tabon cizal, ƙarfen sassaƙa, a gindin babban yatsa, ga farcen da guduma ta raba tun kafin a haife ta. Yanzu yana rawa a iska shi kaɗai, babban yatsa na murza ɗan ali kamar mai murza zare. Ya kai shi zai kashe rediyon, yatsan ya kuskure maɓallin sau biyu.

Ta kashe masa.

"Tun yaushe?"

"Wata biyu kafin ki dawo. Da farko ɗan yatsa ne. Na ce gajiya ce. Ranar da na zo jan layi a kan ƙofar wani, na ga layin ya tafi gonar wasu, na rufe shago na tafi asibiti ni kaɗai. Likita ya ce ba ya kisa da wuri, amma ba ya tafiya."

"Umma ta sani?"

"Wa kike tsammani ke sa mini maɓallin riga?"

"Yaya fa?"

"Yayanki gani yake tsufa ne da taurin kai. Na bar shi a haka. Taurin kai ya fi mini sauƙin ɗauka."

Ta zauna dirshan a ƙasa, kan garin katako. Alkawarin hanya ya fara sassautawa, ta cije leɓe ta ƙara ɗaure shi.

"Ni kuma na ɗauka ni ce. Na ɗauka don ni mace ce. Na ɗauka gara ka ba mai taya wurin nan ya cika shi da baƙin mai da ka bar mini."

"Na san haka kika ɗauka."

"Ka sani, ka bar ni?"

"Na bar ki." Bai kare kansa ba. "Kin shigo da murna, kin ajiye abin nan kin ce, Baba, wannan ko hannun mutum na rawa zai fitar da layi daidai. Kin tuna? Kina dariya kika faɗa. Ni kuma hannuna na cikin aljihu yana abin da yake yi. Sai na ji kamar kin leƙo cikin aljihun. Abin da ya fito daga bakina ya fito. Da ya fito kuma na kasa mayar da shi. Tsoho da maganarsa, kin sani, kamar ƙusa ce a busasshen katako."

"Shekara guda, Baba."

"Shekara guda. Ina jin su suna tambayarki ina mai shago. Ina jin ranar da haƙorin ya yanke ki kika ɗaure da tsumma kika ci gaba, ko uffan ba ki ce ba. Na so in taso. In na taso da me zan riƙe ki?"

Ta dubi tabon a yatsanta. Ba ta san ya gani ba.

"Ta yaya ka gani? Bayanka kake ba ni."

A karo na farko a shekarar, gefen bakinsa ya ɗaga. Ya nuna da haɓa. Ta waiwaya. Daga inda kujerarsa take, madubin kabad ɗin na kallon lungunta sak: ƙyauren, durom biyun, har gilashin injin da abin da ke rubuce a kansa.

"Kina tsammani labarai nake ji? Labaran duniya duk iri ɗaya ne. Yatsunki nake kallo. Nan kike dannawa ya fito da da'ira. Nan faɗi, nan zurfi. Wata takwas ina karatu a makarantarki ba ki karɓi ko sisi ba."

Dariya da kuka suka zo mata tare, ta rasa wanda za ta ba hanya. Ta share ido da bayan hannu, gari ya shafe mata kunci.

"Shi ya sa ka ce wanda ya taɓa madubin zai ga ɓacin ranka."

"Kwana uku na yi ina saita shi."

Ta ɗora ɗan lidon a tafinsa, ta rufe da nata hannayen biyu. Tana jin rawar na ratsa ta har gwiwar hannu. Bai janye ba.

"Me na yi ba daidai ba? Na auna komai."

"Kin auna abin da ya rage, ba ki auna abin da kika cire ba." Muryarsa ta sauya, ta koma ta malamin da ta sani. "Rami shida a wannan fuska, rami ɗaya a bayanta, duk girma ɗaya. Wace ta fi nauyi?"

"Ta ɗaya."

"Mai nauyi ina take zuwa?"

"Ƙasa." Ta runtse ido. "Sai shida ta kalli sama."

"A ƙaramin ɗan lido na roba ba wanda zai lura. Naki manya ne, ramukan da zurfi. Abin da kika ɗiba a nan, ɗebi kamarsa a can. Ɗaya ta ci babban rami, shida su raba nasu ƙanana. Kowa ya yi asara daidai, sai a zauna lafiya."

"A ajin farko aka koya mana wannan. Da lissafinsa da komai."

"To ai kin ci jarrabawar, shi ya sa kika manta."

"Da ka gaya mini tun makon jiya."

"Da wane bakin? Bakin da ya ce na marasa hannu ne?" Ya sauke ido. "Kwana huɗu ina zuwa da sassafe. Na lalata guda biyar, suna cikin buhun gari. Na ce in bar miki wannan a akwati, in kin je duk inda za ki je ki gan shi, ki gane da kanki. Ba sai kin san wa ya yi ba."

"Sai fensir ya tona."

"Shekara arba'in da biyu ina wannan aiki. Na san injin ba ya so, hannun ne ya ƙi huda ba layi."

Ta miƙe, ba ta saki hannunsa ba.

"Taso."

"Ina?"

"Ina son in gani."

"Babu abin gani."

"Ka kalle ni wata takwas ban sani ba. Bashin kallo ne, yau zan rama."

Ya yi gunaguni, amma ya tashi. Ba lungu ta nufa ba. Ta ɗauko injin da allon da tef ɗin ke manne a kai, ta kawo su tsakiyar shago, ta dire a kan bencinsa. Babban bencin nan da gefensa ya yi sulɓi saboda shekaru. Ta tsaya tana kallonsa, ta ga ko zai yi magana.

Ya dubi injin, ya dubi bencin.

"Matsar da shi hagu. Nan ƙafar ta fi ƙarfi."

Ta matse sabon guntun katako a gurbinsa, ta goge tef ɗin da gefen mayafi, ta kunna. Ta miƙa masa fensir. Ya karɓa, ya ja layinsa biyu, suka tafi a karkace yadda suka ga dama. Ba wanda ya kawar da kai.

Ya kama mariƙan. Injin ya ɗauki kuka. Ta ga kafaɗunsa sun sauka, ta ga ƙafarsa ta dama ta koma baya, tsayuwar da yake yi a gaban kowane aiki tun tana yarinya. Injin na ɗan yawo a hannunsa, dama, hagu, amma haƙorin a ciki na bin da'irarsa bai kauce ba. Sau ɗaya ya zarce, haƙorin ya ɗage. Hannunta ya tashi zai taimaka, ta mayar da shi bayanta. Ya dawo hanya da kansa.

Da ya kashe, ya sunkuya ya hure garin. Rami ɗaya, zagayayye, sumul, daidai inda layukan suka so su haɗu.

"Kin san abin da ya sa na sake dawowa bayan ranar farko?" ya ce, idonsa a kan ramin. "In yana aiki, girgiza yake. Duk wanda ya riƙe shi hannunsa rawa yake yi. Ni da ke ɗaya muke a kansa."

Alkawarin hanya ya tsinke. Ta bar shi ya tafi.

"Haba, Uwata," ya ce. "Za ki jiƙa mini katako."

Ta kifa goshi a kafaɗarsa. Rigar na warin da ta sani, gari da man goge katako. Hannun mai rawa ya hau kanta, yana bubbugawa ba da niyya ba, kamar mai lallashin jariri.

"Kada ka ba da shagon nan, Baba. Ni in zana, kai ka gaya mini inda na yi wauta. In ka ga dama ka yanka. Malama ta ce akwai makarantu huɗu da ke jira in waɗannan sun yi."

"Na riga na ce wa yayanki to."

"Da baki. Ka sa hannu a takarda?"

Ya yi ɗan murmushi mai ɗaci. "Mako uku yana bina da ita. Yau in ce tabarau, gobe in ce ciwon kai. Ina zan riƙe biro a gaban mutane? Yau dai na ce zan rufe ido in yi."

"To ba ka ba da komai ba tukuna."

Kafin ya amsa, ƙarar babbar mota ta cika layin. Ta tsaya a ƙofar shago, birki ya yi tsaki. Yaya ya sauko da waya a kunne, masu ɗauka biyu a bayansa, sai wani kakkauran mutum mai baƙin mai a farce, wanda tun daga ƙofa ya fara auna bango da ido.

Nan take hannun Baba ya koma aljihu.

"Baba, sannu da hutawa. Auta, ba ki gama ba? Na ce miki ƙarfe goma." Yaya ya juya ga masu ɗauka. "Ku fara da bencin nan, shi ya fi nauyi. Ku yi a hankali, ya girme ku." Ya dawo ga Baba, ya sassauta murya. "An gyara maka ɗakin, har da fanka sabuwa. Jikokinka tun jiya suke rigimar wa zai kwana kusa da kai. Ka huta haka nan, Baba, ka yi mai wuyar. Kawo makullin in ba bawan Allah."

Ya miƙa tafi.

Sirrin ba na Injiniya ba ne da za ta faɗa. Ta dai matsa ta tsaya a gefen Baba, kafaɗa da kafaɗa.

Baba ya dubi tafin ɗansa. Ya dubi masu ɗauka da suka riga suka kama gefen bencin. Sannan ya zaro hannun, da makullai a ciki.

Guda biyar ne a zobe ɗaya. Suka fara kaɗawa, cakar-cakar-cakar, ba tsayawa. Shagon ya yi tsit, ba a jin komai sai su. Bai ɓoye ba, bai tallafe da hagu ba. Ya bar kowa ya ji.

Wayar Yaya ta sauko daga kunnensa a hankali.

"Baba... mene ne wannan?"

"Abin da ya hana ni aiki ke nan. Ba tsufa ba ne, ba kuma ƙanwarka ba ce. Zan ba ka labari a gida." Hannun ya wuce tafin Yaya, ya lalubi aljihun rigar aikinta, daidai ƙarƙashin jan zaren, ya saki makullan a ciki. "Ku sauke mini benci. Akwai aiki a kai."

Masu ɗauka suka saki, suna kallon juna.

Idon Yaya ya kawo ruwa. Ta zaci tausayi ne kawai, sai ta ga gumi na tsattsafo masa a goshi.

Mai taya ya yi gyaran murya.

"Allah ya ba da lafiya, Baba. Amma ni ban gane ba. Ai magana ta ƙare tun shekaranjiya." Ya zaro takarda a ninke daga aljihu, ya warware. "Ga ta. Shekara biyar. Ga sa hannunka."

"Kawo nan," Yaya ya ce da sauri.

Ta riga shi.

Sunan Baba ne a ƙasa, da shuɗin biro. Sa hannunsa ne sak, irin wanda ke kan duk takardun makarantarta: manyan haruffa a tsaye, da dogon layin nan da yake ja a ƙarƙashi, miƙaƙƙe kamar an sa rula. Ko ɗigon rawa babu. Kwanan watan na shekaranjiya ne.

Ta ɗauko ɗan lidon daga kan benci, ta ajiye shi a kan takardar, fuskar biyar a sama. Layin fensir a gefen layin biro.

Baba ya sunkuyo ya duba. Mai taya ma ya duba.

Ta ɗago.

"Yaya," ta ce a hankali, "wa ya ja wannan layin?"